Kwana Ukun da Na Ɓatar da Kakana a Cikin Kwamfuta

Ko da zan yi shekara ɗari biyu a duniya, haƙorana su zube duka, in manta lambar wayata da hanyar gidanmu, akwai kwana ukun da ba za su fita daga kaina ba. Su ne kwanakin da na ɓatar da kakana. Kada hankalinku ya tashi, ba a kasuwar Sabon Tasha na saki hannunsa ba. A falonmu na ɓatar da shi, yana zaune a kujerarsa da kofin shayi a gefe. Lokacin ina da shekara goma sha huɗu, kuma da za a tara rashin jin 'yan matan unguwarmu Romi a buhu ɗaya, nawa kaɗai zai cika rabi har da ɗori.

Gidanmu ba mu da yawa. Ni ce, da Momi, da Kaka mahaifinta. Dadi yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Sai Anti, ƙanwar Momi, wadda ke aikin rubuta manhaja a Abuja. Ita ce ta bar mana tsohuwar laftof ɗinta, mai fanka da ke gurnani kamar keke napep yana hawan tudu da mutum bakwai. Manhajar Linux ta saka a ciki, ta buɗe wa kowa wurinsa. Da an kunna, hotuna huɗu ne ke fitowa a jere: na Anti, na Momi cikin kayan zumuntar matan coci, nawa na turo baki kamar agwagwa, sai na Kaka da hularsa ta zuwa biki, ya haɗe rai kamar wanda aka ce ya yi murmushi ya ce sai an biya shi. Kowa ya danna hotonsa ya shiga.

Kaka ya yi shekara ashirin da wani abu a wata masaƙa a Kakuri, ƙarar injin saƙa ta cinye masa rabin kunne. Shi ya sa ba ya magana, sai dai shela. Idan ya ce zai gaya miki sirri, ki tabbata mutanen Unguwar Boro sun riga ki ji. Tun ina goye yake kirana Amarya, ni kuma ina kiransa Ango, irin wasan kaka da jika. Shi ya sace mini nama a miya, ni in ɓoye masa tabarau a cikin firij. Haka muke, kuma ban taɓa ganin wasana ya ɓata masa rai ba. Wannan ne ya ruɗe ni, na ɗauka babu wurin da wasa zai taɓa shi ya ji zafi.

Bayan rasuwar kakata, Kaka ya kama wani aiki. Ya ce mu jikokin da aka haifa a Kaduna ba mu san komai a yarenmu ba sai "zo ki ci abinci", don haka zai rubuta mana waƙoƙin da take yi idan tana niƙa ko tana rarrashin yaro, ya sa ma'anarsu da Hausa a ƙasa. Hannunsa yana rawa, biro ba ya yi masa biyayya, idonsa kuma ba ya ganin ƙaramin rubutu. Sai Anti ta shirya masa baƙar taga a laftof, inda haruffa ke fitowa farare, manya kamar ƙwayar gurjiya. Kullum da safe bayan addu'a zai cire tsohon ɗankwalin da ake rufe laftof ɗin da shi, ya danna hotonsa, ya buga kalmar sirrinsa yana kiran kowane harafi da ƙarfi, ya buɗe baƙar taga, ya fara da yatsa ɗaya. Ya ce waƙoƙin da safe suke zuwa masa, kuma ba sa zama. Kafin rana ta yi zafi sun tafi, wasu su dawo bayan wata, wasu ba su dawo ba har yau.

A dogon hutun damina na wannan shekarar Anti ta fara koya mini rubuta manhaja da yaren C ta waya, duk Asabar. Wata rana ta yi mini bayanin abin da ake kira shel. Ta ce, "Kin san osha, masu tarbar mutane a ƙofar coci? To shel osha ne. Duk wanda ya buɗe baƙar taga, shi ne ke tarbarsa, ya ji abin da yake so, ya kai shi. Na gidanmu duka sunansa bash." Ni kuwa abu ɗaya kunnena ya ɗauka: ashe ana iya canza osha. Kafin ta gama magana, shaiɗanin da ke haya a kaina ya riga ya tashi ya wanke fuska.

Na kwana biyu ina rubuta wani ɗan shiri, na sa masa suna gaisuwa. Aikinsa kawai ya rubuta magana ɗaya a allo, sannan ya miƙa mutum ga bash, komai ya ci gaba kamar kullum. Maganar ita ce: "Sannu da zuwa Angon Amarya, mai sanƙon da ƙuda ke zamewa a kai. Yau ma da yatsa ɗaya za a yi yaƙin?" Da na gwada na ga ya fito, na yi dariya har na faɗo daga kujera.

Ranar Alhamis da la'asar Kaka ya tafi taron zumuntar maza. Na shiga wurinsa, tunda kalmar sirrinsa har kajin gidanmu sun haddace. Na buga chsh, umarnin da ake canza shel da shi, na ba shi sunan shirina. Kwamfuta ta ce a'a, wannan ba shel ne da aka yarda da shi ba. Na sake, ta sake cewa a'a. Yanzu da na girma na san a nan ya kamata in tsaya in tambaya, wa ya yarda da wasu ya ƙi wasu, kuma don me? Amma a lokacin ji na yi na'ura ta raina ni. Na tuna Anti ta rubuta wa Momi kalmar sirrinta a bangon littafin waƙoƙin coci, saboda ko ta kwana. Na ɗauko, na shiga wurin Anti, na sa sudo a gaban umarnin. Sudo shi ne babban makulli, wanda idan ka riƙe shi babu ƙofar da za ta tambaye ka daga ina. Wannan karon kwamfuta ko tari ba ta yi ba. Na kashe, na mayar da ɗankwali, na je na taya Momi aiki da ladabin da ya sa ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Juma'a da safe na laɓe a bayan labule, na toshe baki da matashi don kada dariya ta tona ni. Kaka ya fito da sauri fiye da kullum, yana rera wani abu ƙasa-ƙasa, ko shayin bai kurɓa ba. Ya cire ɗankwali, ya kunna. Fanka ta yi gurnaninta. Hotuna suka fito.

Uku.

Na Anti, na Momi, nawa da bakin agwagwa. Wurin Kaka babu komai, ko inuwa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sa yatsa a allo ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Ya kashe, ya kunna, ya sake ƙirgawa. Rerawar da yake yi ta tsaya. Ina jira ya yi shelar da za ta tashi layinmu, ya ce Amarya zo nan. Bai yi ba. Ya rufe laftof a hankali, ya shimfiɗa ɗankwalin, ya gyara kusurwoyinsa huɗu kamar mai lulluɓe jariri. Ya bar shayinsa a wurin, ya fita ya zauna a ƙarƙashin gwaiba.

Na bi shi. Na ce, "Ango, yau ba rubutu?"

Ya yi ɗan murmushi bai kalle ni ba. Ya ce, "Yau an ba ni hutu, Amarya." Kuma a hankali ya faɗa. Tunda nake ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Da ya shiga wanka na ruga na kunna laftof. Hoton dai babu. Na shiga wurina na nemi ganin fayilolinsa, kwamfuta ta hana ni. Anti ba ta taɓa cewa shel yana da wata hulɗa da hotuna ba, don haka na yanke wa kaina hukunci cewa na buga wani harafi ba daidai ba da babban makulli, na share Kaka gaba ɗaya, shi da waƙoƙin kakata na fiye da shekara guda. Na so in sake ɗauko littafin waƙoƙin coci in gyara, hannuna ya ƙi. Na ce idan na ƙara taɓawa, Momi ce za ta bi shi. Sai na yi abin da matsorata ke yi, na rufe, na yi shiru, ina addu'a hoton ya gaji da yawo ya dawo da kansa.

Asabar ma bai dawo ba. Na ƙi ɗaga kiran Anti na darasi, na aika mata saƙo wai kaina ke ciwo. Kaka ya sake kunnawa da safe, ya ƙirga, ya rufe. Da Momi ta tambaye shi ya ce idonsa ne ya gaji. Da rana muna bayan gida ni da ita, ina wanke acca tana tsinke yakuwa za a yi fate, sai ta tsaya tana kallonsa daga nesa, yana zaune a gindin gwaiba hannu biyu a gwiwa.

Ta ce, "Wannan zaman na Baba, sau ɗaya na taɓa ganinsa."

Na ce, "Yaushe, Momi?"

Ta ce lokacin tana sakandare ne. Masaƙa ta fara rage ma'aikata, kuma ba a kiran mutum ofis a gaya masa. Takarda ake ba mai gadi, jerin waɗanda za su shiga. Wata safiya Kaka ya je da kular abincinsa. Mai gadin, wanda suka shekara suna cin tuwo daga wannan kular, ya bi takarda da yatsa daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Ya ɗago ya ce, "Baba, babu." Shi ke nan. Kaka bai yi gardama ba, bai kuma gaya wa kowa a gida ba. Kwana uku yana fita da asuba kamar kullum, ya zauna a tashar mota har lokacin tashi, ya dawo.

Na ce, "To yaya aka gane?"

Ta ce, "Mama ce ta gane. Rigarsa ta daina dawowa da auduga a kafaɗa." Ta ja yakuwa ta ci gaba da tsinka. "Baba zai yi faɗa da ke a kan gishiri a miya har gobe. Amma abin da ya taɓa shi da gaske, ba za ki ji daga bakinsa ba."

Accar nan na wanke ta ya fi sau ashirin, don kada in ɗago kai. Faten ranar ko tsakuwa ɗaya babu, Momi har ta yaba, ni kuwa kamar ƙasa nake ci.

Lahadi da safe ina goge takalmin coci na ji shi a gindin gwaiba yana rera waƙar nan ta ranar Juma'a. Layi ɗaya, biyu, uku, sai ya tsaya. Ya koma farko. Ɗaya, biyu, uku, ya tsaya. Ya ga ina kallonsa, ya ce waƙar rarrashi ce: yi shiru yaro, uwarka ta tafi gona, za ta dawo kafin ruwa ya sauko. Layi na huɗu shi ke faɗin abin da za ta kawo wa yaron. Ya ce, "Na fi shekara ina nemansa. Ranar Juma'a ya zo mini cif, da muryarta da komai." Ya shafa sanƙonsa. "Ya koma."

Ban san me aka yi wa'azi a kai ba a ranar. Muna dawowa na ɗauki wayar Momi da laftof, na ɓuya a bayan tankin ruwa, na kira Anti.

"Anti, na kashe Kaka."

"Ke! Wace irin magana ce wannan?"

"A kwamfuta."

Ta sauke numfashin da na ji iskarsa daga Abuja. "Yarinyar nan, wata rana hawan jini za ki sa mini. Oya, daina kukan, gaya mini abin da kika taɓa. Duka. Kada ki rage ko wasali."

Na zayyana mata, har da littafin waƙoƙin coci. Ta ce, "Da farko, waƙoƙin Baba suna nan. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Kin ji ni?" Na ce na ji, amma kukan ya ƙaru, don wani kukan sai an ce maka babu komai yake samun hanya. Ta bari na gama. Ta ce, "Madam sudo, lokacin da kwamfuta ta ce miki a'a, kin tambaye ta dalili?"

"A'a."

"To yau za ki tambaya."

Ta ce akwai wani fayil, /etc/shells, jerin osha ne da aka yarda su tsaya a ƙofa, kowane layi suna ɗaya. Shi chsh ya duba ya hana ni. Allon hotunan ma shi yake dubawa. Kwamfuta tana da asusu da yawa da ta buɗe wa ayyukanta, ba na mutane ba, kuma ba a so su cika allo. Don haka kafin ta nuna hoto sai ta tambaya, shel ɗin wannan yana cikin jeri? Idan ba ya ciki, sai ta ɗauka ba mutum ba ne, ta ɓoye shi.

Na ce, "Wato ni na sa ta ɗauka Kaka ba mutum ba ne?"

"Ke kika sa. Zan iya cewa ki buɗe fayil ɗin ki karanta, amma ban yarda ba. Rubuta shiri, ki tambaya yadda allon ke tambaya."

A bayan tanki, laftof a cinya, batiri yana barazanar mutuwa, na rubuta. Kira uku ne kawai. Setusershell, ya koma farkon jeri. Getusershell, duk kiran da ka yi ya ba ka suna ɗaya, kamar malamin aji yana kiran rajista, ka yi ta kira har ya ce babu saura. Endusershell, ya rufe takarda. Layi bai kai goma ba, amma sau uku yana ƙin tashi saboda hawaye sun hana ni ganin inda na bar waƙafi. Anti tana cewa, "Abeg share majina ki duba ƙarshen layi." A na huɗu ya tashi. Sunaye suka fito ɗaya bayan ɗaya: /bin/sh, /bin/bash, /bin/dash, da wasu 'yan kaɗan. Na sa yatsa na bi su daga sama har ƙasa. Na sake bi. Sai na ankara da abin da yatsana yake yi, na janye shi kamar na taɓa garwashi.

Na ce, "Babu."

"Babu," in ji Anti.

Haushi ya kama ni. Na ce, "To mu goge jerin gaba ɗaya mana, kowa ya shiga!"

Ta yi dariya. "Goge ki gani. Idan bai sami fayil ba, sunaye biyu ya haddace, sh da csh, su zai ba ki. Bash ba ya ciki. Gobe da safe ke da bakin agwagwarki, da Yaya Mominki, da ni, duk mun bi Baba." Sannan ta gyara murya. Ta ce hanya biyu ce: a mayar masa da bash kamar da, ko a rubuta shirina a cikin jeri. Na ce a mayar da sauri kafin ya sani, in ce hoton ya dawo da kansa. Ta ce, "A'a. Ƙofar wa kika taɓa?"

"Ta Kaka."

"To shi zai zaɓa. Tashi ki je. Kada ki kashe wayar."

Ku da kuke neman gafara a hankali, ku gode wa Allah. Ni sai da na yi tawa da ihu. Na durƙusa a gindin gwaiba na ce, "Kaka, ni ce na ɓatar da hotonka." Ya ce, "Kin ɓatar da me?" Na ƙara murya. Ya ce, "Wa ya ɓata?" Na buɗe maƙogwaro duka: "NI CE NA TAƁA KWAMFUTA, HOTONKA YA ƁACE!" Kaji suka watse, Momi ta fito da muciya a hannu, maƙwabta suka leƙo ta katanga, ina jin har direbobin bas a Sabon Tasha sun rage gudu.

Kaka ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wato ba ni na danna wani abu ba?"

"Ba kai ba ne."

"Ba tsufa ba ne?"

"Ni ce, Kaka."

Ya jingina da gwaiba ya saki wani dogon numfashi. Muryarsa ta dawo da ƙarfinta. "Yawwa! Na gode wa Allah. Rashin kunyar Amarya ina da maganinsa. Tsufa ne ba ni da shi." Ashe kwana ukun nan a zatonsa shi ya lalata na'urar 'yarsa, kunya ta hana shi faɗa. Momi ta ɗaga muciya, ya ce, "Sauke. Ba a dukan matata a gabana."

Muka koma falo, aka sa laftof a wuta. Na nuna masa jerin da shirina ya fitar, na yi masa bayanin osha, Anti tana gyara mini ta waya. Ya saurara sosai, hannu a bayan kunne. Ya ce, "Wannan jerin, wa ke rubuta shi?"

Anti ta ce, "Duk mai makulli, Baba."

Kaka ya ce, "A masaƙa ban taɓa ganin mai rubutawa ba. Takarda kawai na gani." Ya juyo gare ni. "Shi wannan oshan naki, me zai ce mini?"

Na ce gara kada ya ji. Ya ce sai ya ji, kuma ba daga bakina ba. "A sa shi a jeri. Matsa, ba ni kujera."

Anti ta sa na mayar da shirin wurin da ya dace, na gyara masa adireshi a asusun Kaka, na buɗe fayil ɗin da babban makulli, wannan karon da izini. Kaka ya zauna ya miƙe yatsansa na yaƙi. Anti tana kiran haruffa, ni ina maimaitawa da ihu, shi yana farauta. Alamar nan mai karkacewa ya sa mata suna sanda. "Sanda, u, s, r, wata sandar kuma? Mutanen nan makiyaya ne?" Layi ɗaya tak, /usr/local/bin/gaisuwa, amma ina jin a lokacin da ya ɗauka ana iya shuka masara a ci gasasshiya. Babu wanda ya karɓar masa. Da ya gama ya ce in sake kiran rajistar. Na tashi shirina. Sunaye suka sauko, sabon yana ƙarshe. Ya sa yatsa ya bi su a hankali har ƙasa, ya tsaya a kai, ya ƙwanƙwasa allo sau biyu.

Ya ce, "Akwai."

Momi ta juya ta shiga kicin wai miya za ta ƙone, alhali ba a ma ɗora miyar ba.

Aka kashe aka kunna. Hotuna huɗu. Ga hular biki, ga haɗe rai. Ya ƙirga su duk da haka. Ya shiga, ya buɗe baƙar taga, gaisuwata ta fito da manyan haruffa. Ya karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, ya kai wurin ƙuda, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ƙuda na zamewa? Ke da goshinki ya riga ki shiga ɗaki da minti biyar?" Anti tana ta kyakyatawa a waya.

Sai ya buɗe fayil ɗin waƙoƙi, dariya ta lafa. Ya rubuta layi na ɗaya, na biyu, na uku, da ma'anarsu. Ya ɗaga yatsa ya tsaya. Ya rufe ido ya rera daga farko. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Ya rera sau huɗu ko biyar, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Layin bai zo ba. Bai zo washegari ba, bai zo wata mai zuwa ba. Mun tambayi tsofaffi a ƙauye da Kirsimeti, kowa ya ce wannan waƙar tata ce ita kaɗai.

A ranar na kifa kai a gwiwarsa na ce ya yafe mini. Ya dafa kaina da hannun nan mai rawa. Da ɗayan hannun ya danna, ya bar layi guda babu komai, ya sauka ƙasa. Ya ce, "A bar wurin. Naki ne. Duk wanda ya tambaya me uwar ta kawo wa yaron, ki zaunar da shi ki ba shi labari."

An hukunta ni, kada ku ɗauka na sha. Wata guda ni ke wanke acca, Anti kuma ta canza kalmar sirrinta zuwa wani abu da ko ita sai ta yi addu'a take tunawa. Kaka yana nan, yatsa ɗaya yana nan, oshana yana tarbarsa kullum da safe, kuma kullum sai ya rama da ƙarfi ko ba na ɗakin. Waƙoƙin sun zama ɗan littafi, an buga an raba wa dangi. A shafi na tara akwai waƙa mai layi uku da fili a ƙasa. 'Yan'uwana sukan ce mai bugawa ne ya yi kuskure, sai in ce su zauna.

Yanzu ina shekarar farko a jami'a, kwamfuta nake karanta, kuma rashin jin bai sake ni ba, sai dai ya koyi sallama. Duk lokacin da na'ura ta ce mini a'a, nakan nemi jerin da ta duba kafin in nemi makulli. Duk lokacin da wasa ya zo mini baki, nakan tuna cewa mutumin da ya fi kowa dariya da ni yana iya kasancewa da wata ƙofa da aka taɓa tsayar da shi, wadda ban sani ba. Idan kuwa na riga na yi ɓarna, ba na ƙara jira kwana uku. Hoton ya dawo cikin minti kaɗan da na buɗe baki. Shirun da na yi ne ya tafi da layi na huɗu.